Kurakuran masu neman gidan haya a Kano wajen zaɓen lokaci

Yawancinmu ba ma zaɓen watan da za mu nemi gida. Sai an ba mutum notis, ko an sa ranar biki, sannan ya fara zarya wajen dillalai. Amma wanda ke da ɗan sarari, watan da ya fita nema yana iya raba shi da wahalar shekara guda.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne a duba gida da hunturu a biya nan take. A Janairu kowane gida lafiyarsa ƙalau. Na taɓa kama ciki da falo a wata unguwa ta bayan gari, sabon fenti, tsakar gida an malala siminti, har ina ganin na yi tsintuwa. Ruwa mai ƙarfi na farko da aka yi, kwana muka yi muna tara bokitai da robobin wanki a falo, da gari ya waye kuma lambatun ƙofar gida ya cika ya dawo mana da ruwa har soro. Ashe fentin nan a kan tabon danshi aka shafa shi.

Don haka in da hali, a duba gida cikin Agusta, lokacin da damina ta fi ƙarfi a Kano, kuma a je washegarin ruwan sama. Ka ɗaga kai ka kalli silin, ka shafa bango daga ƙasa ka ji ko da sanyi, ka leƙa banɗaki ka ga ko masai ya tumbatso. Ka tare ɗan adaidaita sahu a bakin titi ka ce ya kai ka ƙofar gidan. Idan ya ce layin ba ya shiguwa, ka samu amsarka. Wanda ba zai iya jiran damina ba, ya kalli gidajen maƙwabta. Inda ka ga kowa ya gina ɗan tudun siminti a bakin ƙofa, ko an jibge buhunan yashi, ruwa ne ya koya musu. Tambaya kuma a yi ta wajen mai shago ko mai shayin layin, domin dillali la'adarsa yake nema.

Ita ma damina tana da tata yaudarar. Rijiyar da ka gani cike a Satumba tana iya ƙafewa ƙaf a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, 'yan ga-ruwa kuma su ƙara wa jarka kuɗi. Ka tambayi yadda ake samun ruwa tsakanin Maris da Mayu, ka lura ko ɗakin kwana yamma yake kallo.

Sai masu shiga kasuwa daidai lokacin da angwaye suka cika ta. Watan Sha'aban, bayan sallah ƙarama da babba, da kuma Disamba, duk lokutan biki ne. Angon da dangin amarya suka matsa wa a kan ranar jere ba ya ciniki, ko nawa aka faɗa biya zai yi, kai kuma da shi kake takara. Haka abin yake a Kabuga, Janbulo da Rimin Gata idan Jami'ar Bayero ta buɗe sabon zango. A iya abin da na gani, tsakiyar azumi da tsakiyar damina sun fi daɗin ciniki, saboda ba mai son ɗaukar kaya da ƙishirwa ko cikin taɓo, mai gidan da ɗakinsa ya yi wata biyu a kulle kuwa yakan sauko.

Akwai abin da mutane ba sa tunawa sam: ranar da ka karɓi mukulli ita ce ranar biyan hayarka duk shekara. Tunda a nan kuɗin shekara ake biya dunƙule, a karon farko ma ga la'adar dillali wadda yawanci kashi 10 cikin 100 ce, mai 'ya'ya a makaranta da ya shiga gida a Satumba ya haɗa wa kansa kuɗin haya da kuɗin makaranta a wata ɗaya. Gyaransa da sauƙi. Ka roƙi mai gida ka biya wata 14 ko 15 a karon farko, ranar ta matsa zuwa lokacin da aljihunka ke da nauyi, a kuma rubuta hakan a takarda. Kauce wa sallah dai ba ya ɗorewa, don kowace shekara tana matsowa da kusan kwana 11.

Wanda aka ba notis kuma kada ya zauna sai saura mako biyu. Ya fara nema da wata uku a gaba, ya ga gida biyar ko shida, wanda ya kwanta masa ya koma masa sau biyu: sau ɗaya da tsakar rana, sau ɗaya bayan isha'i, ya ga ko layin na da wuta, ya ji ƙarar janaretan maƙwabta da yawan sauro.