Kurakuran da aka fi yi wajen gano inda sauti ya fito da jerin makirufo

Tushen aikin shi ne sauti yakan isa ga makirufo ɗaya kafin ɗan'uwansa, kuma daga wannan ɗan bambancin lokaci ake lissafa ɓangaren da ya fito. A ganina, yawancin masu ɗora wa lissafi laifi idan sakamako ya karkace, tun wajen haɗa kaya suka yi kuskuren.

Tazara ce ta fi kayar da mutane. Idan aka nisanta makirufo biyu fiye da rabin tsawon zangon sautin, wato nisan da sautin ke tafiya a kaɗawa ɗaya, kusurwoyi daban-daban za su ba da amsa iri ɗaya, na'urar ta rasa wadda za ta ɗauka. Sautin da ke kaɗawa sau 4000 a daƙiƙa, tsawon zangonsa kusan santimita 8.6 ne, don haka kada tazarar ta wuce 4.3. Matse su da yawa kuma wata matsalar ce, domin in ana ɗaukar samfuri 16000 a daƙiƙa, wato na'urar tana auna sautin sau 16000 a kowace daƙiƙa, sauti yakan yi tafiyar kusan santimita 2 tsakanin samfuri da na bayansa, sai bambancin lokacin ya shige cikin wannan giɓi. Maganinsa a ƙara yawan samfurin, ko a ƙiyasta abin da ke tsakaninsu ta lissafi.

Haka nan, duk wanda ya haɗa kowane makirufo da katin sautinsa daban, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, ya ɓata aikin, saboda agogunan da katunan ke bi wajen ɗaukar samfuri ba sa tafiya daidai. Dole dukkansu su bi agogo guda.

A cikin ɗaki mai bangon siminti, amsa-kuwwa takan sa na'ura ta nuna bango a maimakon mai magana. Dabarar GCC-PHAT, wata hanyar lissafa bambancin lokacin wadda masu bincike Knapp da Carter suka bayyana a 1976, tana rage wannan sosai, sai dai a taƙaita ta ga iyakar yawan kaɗawar da murya ke yi, in ba haka ba za ta ba hayaniya nauyin da ba ta cancanta ba.

Wanda ake yawan mantawa shi ne zafi. Mita 343 a daƙiƙa da ake kwafowa daga littattafai gudun sauti ne a digiri 20, alhali a ranar da zafi ya kai digiri 40, kamar yadda yakan yi a Sakkwato cikin Afrilu, gudun ya kai kusan 355. A sa ma'aunin zafi a gyara adadin.

Jerin da ke kan layi ɗaya kuwa ba ya bambance gaba da baya, sai an kauce da makirufo na uku gefe ko an jera su a da'ira.