Yadda za ka rubuta takardar neman aikin business analyst (mai nazarin harkokin kasuwanci) alhali ba ka taɓa yi ba

Da farko ka karanta sanarwar aikin sau biyu, ka ja layi a abin da suke nema, yawanci Excel ne da SQL (yaren kwamfuta na ciro bayanai daga rumbun ajiyarsu) da iya zama da mutane ka gane matsalarsu.

Sai ka zauna ka tuno inda ka taɓa yin irin wannan, nan ne aikin yake. Lissafin shagon babanka da ka ɗauke daga littafi ka zuba a Excel har aka gano kayan da suke kwana ba sa fita? Wannan ai shi ne aikin, ka rubuta shi da adadinsa na gaskiya. Bautar ƙasa ma ta shiga, ko firojet ɗinka na ajin ƙarshe.

Don Allah kar ka buɗe da "ba ni da ƙwarewa", sun gani a CV ai.

Ka ambaci sunan kamfanin da dalilin da ya sa su kake so, kwas ɗin da ka yi kuma layi ɗaya ya isa.

Kar ta wuce shafi ɗaya. Ka ba wani ya duba maka turancin, ka mai da ita PDF sannan ka tura.