Yadda ake karɓo tarihin gida daga bakin tsofaffi

Ranar da na fara wannan aiki, sabon littafi na saya da biro, na je na zauna gaban kakata na ce, "Kaka, ki ba ni tarihin gidanmu tun daga farko." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wane tarihi gare mu, ɗan nan? Mu sarakuna ne?" Na tashi da littafina fari fat.

Bayan kamar wata biyu ana gyaran ɗakinta aka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki na tsinci wani makulli mai tsatsa, an ɗaure shi da zare, babu kwaɗonsa. Na ɗaga na ce, "Kaka, wannan na mene ne?" Ta karɓa tana jujjuya shi a tafin hannu. Sai da ta yi awa biyu tana magana. Makullin gidan da aka haife ta ne, mahaifinta ya fito da shi a aljihu ranar da suka bar garin, yana cewa za su koma, ba su kuma koma ba. A zaman nan kaɗai na samu sunayen mutum 14 waɗanda ban taɓa ji ba.

Don haka idan za ka je wurin tsohon gidanku, kada ka ambaci kalmar tarihi ma. Tana sa mutum ya ga kamar jarrabawa za a yi masa. Ka tafi da abu a hannu: hoto, wasiƙa, tsohon agogo, ko wani kayan aiki na marigayi. In babu, ka yi ƙananan tambayoyi. Da wa kike kwana ɗaki ɗaya kina yarinya? Wa aka fi tsoro a gidan? In kin tsaya a ƙofar gida me kike hangowa? Sunan wa kika ci? Tambaya ɗaya cikin waɗannan takan jawo goma.

Ka fara da wanda ya fi tsufa ko wanda jikinsa ya fara rauni, ko da ba shi kake ganin ya fi sani ba. Kada kuma ka tsaya wurin maza kawai. A namu gidan, Kawu ya iya jero sunan uba da kaka da kakan kaka ba gargada, amma wa ya auri wa, wace ce ta rasu wajen haihuwa, wane yaro aka ba wa riƙo, duk a bakin Gwaggo na same su.

Wayar hannu ta isa ɗaukar murya. Ka nemi izini tukuna, ka rufe layin don kada kira ya katse maka, ka kashe fanka da rediyo, ka ajiye wayar kusa da mai magana a kan wani abu mai taushi. Da ka danna, ka fara faɗin kwanan wata da sunan wanda kake hira da shi, domin nan da shekara biyar ba za ka tuna ba, ko da yanzu kana rantsuwa za ka tuna. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda sai in shi ya ƙi tsayawa. In ya yi shiru, ka bar shi. Ni da bakina na sha ɓata labari saboda gaggawar cike shiru, alhali tsohuwar lalubo suna take yi.

A ranar ka kwafe abin da ka ɗauka zuwa wuri uku: kwamfuta, ma'ajiyar intanet, da wayar wani ɗan'uwa. Hirata ta farko da Kawu, kusan minti 50, a waya ɗaya na bar ta, wayar ta faɗa ruwa. Da na koma ya sake ba ni labarin, amma a taƙaice, don yana ganin ai na riga na ji.

Yanzu ga inda aikin yake da gaske. Ka raba kowane shafi na littafinka gida biyu. Gefe ɗaya ka rubuta abin da aka faɗa maka yadda aka faɗe shi, da sunan wanda ya faɗa, da wanda shi ya ji daga bakinsa. Ɗaya gefen ka rubuta abin da ka iya tabbatarwa. Kada ka taɓa gwamutsa su. Tambayar da ta fi yi mini amfani ita ce, "Kawu, wannan da idonku kuka gani, ko ji kuka yi? A bakin wa?" Ba ta ɓata wa kowa rai, kuma tana nuna maka hannu nawa labarin ya bi kafin ya iso gare ka.

Tsofaffi da yawa ba sa riƙe shekara da lamba, da aukuwa suke riƙe ta. Aikinka ka mayar da aukuwar lamba. Yaƙin duniya na farko daga 1914 zuwa 1918 aka yi shi, na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945. Annobar murar da ta kashe miliyoyin mutane a duniya ta ɓarke a 1918. Tauraro mai wutsiya na Halley ya bayyana a 1910, ya sake dawowa a 1986. In kuma ka ga shekarar Hijira a bangon littafi ko bayan takarda, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka samu ta Miladiyya, kuskuren ba zai wuce shekara guda ba. Dalilin ninkawar shi ne shekarar wata ta gaza ta rana da kamar kwana 11. Inda babu komai ko kaɗan, ka ƙiyasta shekara 25 zuwa 30 tsakanin uba da ɗa, ka kuma rubuta a fili cewa ƙiyasi ne.

Bari in nuna yadda wannan lissafi ya yi mini aiki. Akwai labarin da kowane yaro a gidanmu ya tashi da shi: wai a shekarar annoba, da mutane suka gudu suka bar marasa lafiya, mahaifin Kaka ne ya riƙa bi gida-gida yana kai musu ruwa, wanda ya rasu kuma ya binne shi shi kaɗai. Na rubuta a gefen farko. Wata rana kuma Kaka ta ce an haifi mahaifin nata shekarar da tauraro mai wutsiya ya fito, har mahaifiyarsa ta tsorata. Wato 1910. A bangon wani littafinsa na ga ya rubuta haihuwar Kaka da shekarar 1360, wanda ya kama 1941. Wannan ya zauna daidai, yana da shekara 31 ya haife ta. To amma in 1910 aka haife shi, a 1918 shekararsa 8. Yaro ɗan shekara 8 ba ya haƙa kabari shi kaɗai.

Ban je na ce wa Kaka labarinta bai yiwu ba, kuma kai ma kada ka yi. In ka gyara wa tsoho magana sau ɗaya, ka rufe bakinsa ke nan. Wurin Gwaggo na tafi na tambaye ta ko akwai wani mai irin sunan a gidan. Ta yi dariya ta ce ai sunan ƙanen mahaifinsa ya ci. Nan zaren ya warware. Mutum biyu ne masu suna ɗaya, baffa da ɗan wansa, shekaru suka narkar da su suka zama mutum guda. Labarin gaskiya ne, mai shi ne aka musanya. Masana tarihin baka sun daɗe da lura da haka. Jan Vansina, ɗan ƙasar Beljiyam da ya yi bincike a Kongo, ya nuna cewa jama'a kan riƙe labarin kakanni na kusa da na tushen farko sosai, amma na tsakiya sai su zube. Saboda haka in jerin sunayenku mutum shida ne kacal amma ana cewa ya kai shekara 400, ka san akwai waɗanda suka faɗi a hanya.

Kada ka ce sai ka bi kowane reshe. Iyaye 2 ne, kakanni 4, iyayensu 8, sama da su 16, kafin ka hau hawa goma gurbin ya kai 1,024. Ka zaɓi layi ɗaya ka bi shi har inda ya ƙare, sannan ka dawo ka ɗauki wani.

Wannan lissafin ne ma ya sa ban cika zumuɗin gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) ba, wanda ake tura wa kamfani yawu ya duba asalin mutum. Gwajin da ke bin layin maza zalla, daga uba zuwa ɗa, mutum ɗaya yake nuna maka cikin 1,024 ɗin nan, haka ma wanda ke bin layin uwa. Kason da ake rubuto maka na cewa kai kaza ne daga yanki kaza, kwatanci ne da mutanen da kamfanin ya riga ya gwada, shi ya sa kamfani biyu kan ba mutum ɗaya amsa biyu. Yana da amfani wajen gano dangi na kusa, amma yakan tono abin da ba kai kaɗai ya shafa ba. Ka yi shawara da manyan gida kafin ka tura.

Hotuna kuwa, ka ɗauke su da waya a inuwa ba tare da walƙiyar kyamara ba, gaba da baya, don sau da yawa bayan ya fi gaban bayani. Ka sa tsoho ya nuna maka kowa da yatsa, ka rubuta sunayen a baya da fensir mai taushi. Tawadar biro tana ratsa takarda.

Za ka ci karo da abin da aka binne da gangan: auren da ya mutu da rigima, gadon da ya raba 'yan'uwa, ɗan da aka daina ambata. In mai magana ya ce ka kashe wayar, ka kashe da gaske, kuma abin da ya shafi mai rai kada ya fita daga littafinka sai da yardarsa. Gwaggo ta taɓa kawo sunan wata mace, ta yi shiru, ta ce, "Bar wannan, ba yau ba." Na bari. Na rubuta sunan da fensir a ƙasan shafi, na sa kwanan wata. Sau biyu na koma tun daga lokacin, muna hirar wasu abubuwa, tana kallon littafin a cinyata, ba ta ɗauko zancen ba, ni ma ban ɗauko ba.