Kurakuran da aka fi yi wajen tayar da tsohon ƙaramin babur a gida

Ƙananan babura irin su Honda Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1958 kuma adadinsa ya kai miliyan 100 a 2017, suna da juriyar da ta sa ake iya samun ɗaya a jingine a zaure shekara biyar ko goma alhali injinsa na da sauran rai. A ganina, ɓarnar da ta fi tsanani tana faruwa ne a ranar da aka fito da babur daga ma'ajiyarsa, domin ɗokin jin ƙararsa yakan sa mai shi ya tsallake binciken da bai wuce na yini ɗaya ba.

Kuskure na farko shi ne hawa a fara buga kik da ƙarfi. Injin da ya daɗe a ajiye duk baƙin mansa ya gangara ƙasa, kuma mai yiwuwa ringin fistin ya manne da tsatsa, saboda haka bugu ɗaya mai ƙarfi na iya karya ringi ko ya karce cikin silinda. Abin da ya kamata shi ne a kwance filogi, a zuba baƙin mai kamar cokalin shayi ɗaya ta raminsa, a bar shi ya kwana, sannan a danna kik da hannu a hankali. Idan ya ƙi motsi, a ƙara jiƙa shi na kwanaki, a riƙa gwada juya magineto da sifana gaba da baya ba tare da tilastawa ba. Kafin a nemi tayar da shi kuma a juye tsohon baƙin mai a duba shi da kyau: idan ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, idan kuma yana ƙyalli da ɓurɓushin ƙarfe, akwai abin da ke cinyewa a ciki. Injin C70, ɗaya daga cikin samfuran Super Cub, ba ya cin fiye da kusan lita 0.7, kuma ya fi son man babur mai alamar JASO MA, domin kulocinsa a cikin mai yake aiki, wasu mayukan mota kuwa suna sa shi santsi.

Na biyu shi ne zuba sabon fetur a kan tsoho. Fetur da ya yi watanni yana rikiɗa ya zama danƙo mai warin fenti, tankin da aka bari rabi kuma yakan tara raɓa ya yi tsatsa, musamman idan damina da yawa ta wuce a kansa. A sauke tankin, a zuba ƙananan notuna da ɗan kalanzir a girgiza har tsatsar ta saki, a wanke, a shanya ya bushe sarai, a canza tiyon mai, a sa ƙaramar matata tsakanin tanki da kafireta. Kada a taɓa leƙa cikin tanki da ashana ko a kai shi walda da zaton ya bushe, domin tururin fetur da ya rage shi ne ke fashewa.

Kafireta ce wurin da aka fi yin ɓarna, kuma a nan ya kamata a fi natsuwa. Babur da ke tashi sai an ja cok, ya mutu da zarar an saki totur, kusan kullum ƙaramin jet ɗinsa, wato ɗan bututun da fetur ke bi a cikin kafireta, shi ne ya toshe. Mutane da yawa sukan ɗauki allura ko wayar ƙarfe su zura, sai ramin ya buɗe, amma ya faɗaɗa, tunda jet ɗin tagulla ne mai laushi. Daga nan babur zai riƙa shan mai fiye da kima, filogi ya yi baƙi, kuma babu saitin da zai gyara shi. A jiƙa jet ɗin a maganin wanke kafireta, a hura masa iska, a ɗaga shi sama a tabbata ana ganin haske ta cikinsa. Kafin a kwance sukurun iska, a murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga zagayen da ya yi har ya tsaya, a rubuta adadin, domin da shi za a mayar. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: sukurorin baburan Japan masu ɗan ɗigo a kai ba su dace da sukudireban Phillips ba, kuma shi ya sa kawunansu ke cinyewa. Ina kuma ba da shawarar kada a jefar da kafiretar asali ta kamfanin Keihin don an ga sabuwa mai araha a kasuwa, domin tsohuwar da aka wanke da kyau ta fi riƙe saiti.

Wajen wuta, kuskuren da aka saba shi ne sayen kwayil da sauran kaya tun ba a gano inda matsalar take ba. A sa sabon filogi mai tazarar milimita 0.6 zuwa 0.7, a jingina jikinsa da injin, a buga kik a ga ko zai ba da tartsatsi shuɗi. Idan babu, a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, domin ɓera yakan gwaguye su, tsatsa kuma takan raba wayar da ke haɗe da jikin babur. A kuma tabbatar ko babur ɗin mai ƙarfin wuta bolt 6 ne ko mai bolt 12, tunda tsofaffin samfura na 6 ne, kuma batirin 12 zai ƙone musu ƙwayayen fitila.

Wasu kuma da zarar babur ya ƙi tashi sai su yanke hukuncin a buɗe inji. Sau da yawa bawul ne ya matse har iska ke zurarewa, kuma gyaransa bai wuce a saita tazararsa a milimita 0.05 injin yana sanyi ba, a irin su C70. A duba salansa ma, domin zanzaro yakan gina gidan laka a cikinta ya toshe hayaƙi, a kuma wanke matatar iska da ƙurar hunturu ta cika. Idan buɗewar ta zama dole, a riƙa ɗaukar hoton kowane mataki da waya, a ware notunan kowane sashe a gwangwaninsa.

Masu baburan da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, irin su Suzuki A100 da Yamaha YB100, suna da nasu haɗarin. Famfon man na iya cika da iska bayan doguwar ajiya, injin ya tashi a bushe ya kama cikin mintuna. A fitar da iskar daga famfon, kuma a tankin farko a gauraya man da aka yi don irin wannan inji cikin fetur, mililita 20 a kowace lita. A waje za a tayar da kowane babur, domin hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana kisa.

Fenti da sabon sirdi su jira sai injin ya zauna daidai, domin kwance-kwancen da ke gaba zai karce su. Abin da ba zai jira ba kafin a hau titi shi ne birki da taya. Takalmin birki da ya tsufa yakan ɓamɓare daga ƙarfensa ya kulle ƙafa ana cikin tafiya, tsohuwar taya kuma takan tsattsage ko da zanenta bai cinye ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2314 na nufin mako na 23 na 2014. A canza taya da tiyub, a shafa wa wayoyin birki mai, a bar wa sarƙa sassaucin milimita 10 zuwa 20, sannan a fara gwaji a cikin layi da ƙaramin gudu.