Yadda ake hoton zuciyar ɗan tayi na 3D a Saudiyya

Matanmu da yawa a Jidda da Makka sukan dawo daga mustausaf, wato ƙaramin asibiti, riƙe da hoton fuskar jariri, ga hanci ga leɓe, su ce ai an yi musu 4D, komai lafiya lau. 'Yar'uwa, wannan hoton na sha'awa ne, bai duba zuciya ba. Duba zuciya aiki ne daban da ake kira eko na ɗan tayi, kuma yana da lokacinsa. A cikin jarirai 1,000, kusan 8 da matsalar halittar zuciya ake haihuwarsu, yawancinsu ma a gidajen da ba a taɓa ganin irinta ba.

Ki fara da ƙirga makonnin cikinki. Tsakanin mako na 18 da na 24 ne aka fi ganin zuciyar sosai. Kafin nan ta yi ƙanƙanta, can gaba kuma ƙasusuwan haƙarƙari sun yi ƙwari suna tare hoton. Tun kina wata huɗu ki tayar da maganar a wurin awo, ki nemi takardar tura ki wurin ƙwararre. Idan asibitin gwamnati kike zuwa, ana kama mau'idi, wato lokacin ganin likita, ta manhajar Sehhaty. Idan na kuɗi ne, maigida ya tambayi masu inshora tun wuri ko suna biya.

Kada ki ɓoye wa likita komai. Ki faɗa idan kina da ciwon suga tun kafin ciki, ko ke ko mijinki ko wani ɗanku an haife shi da ciwon zuciya, ko kina shan maganin farfaɗiya, ko cikin na dashe ne, ko tagwaye ne masu mabiyiya ɗaya. Idan auren zumunci ne, shi ma ki ambata, ba abin kunya ba ne.

Ranar hoton ki ci abincinki, ba a azumi dominsa. Ki tafi da igama, wato katin izinin zama, da duk takardun sona, wato hoton ciki, na baya. Za ki kwanta rigingine, a shafa miki wani ruwa mai yauƙi da sanyi a ciki, a ɗora na'urar. Da sauti take aiki, babu haske mai cutarwa irin na hoton ƙashi. Likita zai fara da hoton da aka saba, baƙi da fari, ya ƙirga ɗakunan zuciya huɗu, ya bi manyan jijiyoyi biyu da ke fita daga cikinta ya ga sun gitta juna yadda ya kamata, ya auna bugu, wanda ke tsakanin 110 da 160 a minti.

Daga nan sai na 3D, ta dabarar da ake kira STIC. Zai ce ki riƙe numfashi na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar. Cikin wannan ɗan lokaci na'urar take sharar zuciyar, wadda ba ta wuce kan babban yatsanki ba, ta ɗauki hotuna masu yawa, kwamfuta ta jera su bisa bugu ɗaya. Bayan kin tashi ma likita zai iya juya zuciyar a allo, ya yanka ta ta kowane ɓangare, ya aika wa wani ƙwararre a Riyad ya duba. Idan ɗan ya motsa ko ya ba da baya, hoton ya lalace, sai a ce ki ɗan zaga ki dawo. Kada gabanki ya faɗi don haka, ko don likita ya yi shiru. Aikin kan kai minti 45 ko awa guda.

Kafin ki fita ki karɓi rahoto a rubuce, ki tambaya ko an ga komai ko za a sake. Ƙananan huda a zuciya ba kullum ake ganinsu ba, don haka likitan yara zai sake sauraren zuciyar bayan haihuwa. Idan kuwa an ga matsala babba, kamar jijiyoyin nan biyu sun yi musayar wuri, ki nemi a shirya miki haihuwa a asibitin da ke tiyatar zuciyar jarirai, irin su asibitin ƙwararru na Sarki Faisal a Riyad ko Jidda, domin a fara ba jaririn magani tun a sa'o'in farko.