Yadda ake tsara ramin masai a wurin da jama'a ke cika jefi-jefi

A karkara akwai wurare, kamar zawiyar da ake taron Maulidi ko filin da ake bikin aure, waɗanda mutum goma ne ke shiga banɗakinsu a yawancin kwanakin shekara, amma rana guda sai ɗaruruwa su sauka. Idan aka gina masai bisa lissafin mutum goman nan, ranar taro ruwa zai ratsa tankin da ke tara ƙazantar masai tun kafin ƙazantar ta kwanta, ya kwashi dagwalo zuwa sokawe, wato ramin da ƙasa ke tsotse ruwan da ya fito daga tanki, ya toshe ƙasar da ya kamata ta tsotse shi.

Shawarata ita ce a riƙe ruwan ranar taro, sannan a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Da lissafi ake farawa: idan ana sa ran mutum 500, aka kuma ƙiyasta lita 10 ga kowa, za a samu lita 5,000. Sai a gina tankin da ruwan zai kwana a ciki aƙalla awa 24, a raba shi ɗaki biyu, na farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku, domin a nan ne mafi yawan ƙazanta ke kwantawa. Bayansa a ƙara tankin ajiya mai famfo ko ƙaramin inji, wanda zai riƙa tura kamar lita 1,000 a kullum zuwa sokawe, ta yadda cikin kwana biyar ƙasa za ta shanye ruwan ba tare da ya tumbatsa ba.

Ruwan alwala da na wanke-wanke a ba shi hanyarsa daban, domin yana da yawa, kuma haɗa shi da masai cika tanki ne a banza.

Wajen zaɓen gurbin sokawe ne na fi damuwa. A haƙa ramin gwaji a watan Agusta, lokacin da ruwan ƙasa ya taso, a zuba ruwa a ga saurin tsotsewarsa; yumɓun fadama ba ya sha kamar jigawa. A bar tazarar mita 30 tsakaninsa da rijiya, gindinsa kuma ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa, domin ta nan kwalara ke shiga ruwan shan ƙauye.

Kafin babban taro a kira motar yashe masai, a duba bututun fitar da iska. Kada a bar kowa ya shiga cikin tankin ko da an kwashe shi, saboda iskar da ke taruwa a ciki tana iya kashe mutum cikin mintuna kaɗan.