Yadda Ake Zana Jadawalin Layi a MATLAB da Yi Masa Lakabi

Ɗalibin injiniya ko na kimiyya ba ya daɗewa kafin a ce masa ya kawo jadawalin layi a rahoton gwaji. Manhajar da aka saba yin wannan aiki da ita ita ce MATLAB ta kamfanin MathWorks, sai dai lasisinta na kuɗi ne. In aljihu bai kai ba, ka sauke GNU Octave. Kyauta ce, kuma duk umarnin da ke ƙasa zai yi aiki a cikinta.

Mu ɗauka an jefa dutse sama da gudun mita 20 a sakan ɗaya, muna so mu ga tsayin da yake kaiwa a cikin sakan 4.

Mataki na farko shi ne tanadar alƙaluma:

t = 0:0.1:4;
h = 20*t - 4.9*t.^2;

Layin farko yana jera lokaci daga 0 zuwa 4 da tazarar 0.1, ɗigo 41 ke nan. Waƙafi mai ruwa da ke ƙarshe shi ke hana manhajar zubo maka su duka a kan allo. Ka lura da 'yar ayar da ke gaban alamar ^, domin nan sababbin shiga suka fi tuntuɓe. Ita ce ke cewa a ninka kowace lamba da kanta, ɗaya bayan ɗaya. Ka manta ta, sai dai ka ga saƙon kuskure.

Mataki na biyu, zanen kansa:

plot(t, h)

Na farko a cikin baka shi ne na layin kwance, na biyu na layin tsaye, kuma dole yawansu ya zo ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, plot ba ya zana lanƙwasa, ɗigo kawai yake haɗawa da miƙaƙƙun layuka. Gwada mayar da tazarar ta zama 1 ka gani: ɗigo 5 za su rage, zanen ya fito da kusurwoyi kamar rufin ɗaki. Da tazarar 0.1 kuwa za ka ga baka sumul, ƙololuwarta a kusan mita 20.4, jim kaɗan bayan sakan 2.

Mataki na uku, lakabi. A ganina jadawalin da ba a faɗi ma'auninsa ba bai ƙaru da komai ba, don mai dubawa bai san ko mita ake nufi ko kamu ba.

xlabel('Lokaci, da sakan')
ylabel('Tsayi, da mita')
title('Dutsen da aka jefa sama')
grid on

Na ƙarshen yana shimfiɗa layukan raga a bayan zanen don sauƙin karanta lamba. Akwai wani tarko da ya shafi mai rubutu da Hausa: alamar hamza, irin ta cikin sa'a ko ma'auni, ita ce manhajar ke ɗauka a matsayin ƙarshen rubutu. Maganin abin shi ne ka ninka ta, ka rubuta 'Lokaci, da sa''a'.

Mataki na huɗu, ƙara layi na biyu. A ce an sake jefa wani dutsen da gudun mita 15. Idan ka sake kiran plot haka kawai, sabon zane zai share tsohon, don haka sai ka riƙe shi tukuna:

hold on
h2 = 15*t - 4.9*t.^2;
plot(t, h2, 'r--', 'LineWidth', 2)
legend('mita 20 a sakan', 'mita 15 a sakan')
hold off

Harafin r na nufin ja, karan biyu kuma tsinkakken layi. Shuɗi b ne, kore g, baƙi kuwa k, tunda shuɗi ya riga ya kama b. Kada ka dogara da launi kaɗai. Ranar da ka kai aikin shagon buga takardu aka fitar maka da shi baƙi da fari, siffar layin ce za ta bambanta su. Sunayen da ke cikin legend kuma suna bin jerin yadda ka zana layukan ne, in ka juya su babu saƙon da zai gargaɗe ka.

Za ka ga jan layin ya nutse ƙasa da sifili bayan sakan 3 da 'yan kai. Dutsen ya riga ya faɗo ƙasa, lissafin ne bai san da ƙasa ba. Datse wurin da:

ylim([0 25])

Daga nan sai adanawa. Bar ɗaukar hoton allo da waya, rubuta:

saveas(gcf, 'dutse.png')

Kalmar gcf na nufin tagar zanen da kake kai yanzu. Hoton zai faɗa cikin jakar da kake aiki a ciki, in ka rasa wace ce, rubuta pwd za ta nuna maka.